Matata 'yar Nijar ce: wa ya cancanci zama ɗan Najeriya ta hanyar rajista?

"Assalamu alaikum Barista. Ni mutumin Daura ne, ina sana'ar hatsi tsakanin Daura da Mai'adua. Matata haifaffiyar Magarya ce ta Jamhuriyar Nijar, shekararmu 14 da aure, 'ya'yanmu biyar kuma duk a Daura aka haife su. Bana na yi niyyar biya mata kujerar Makka, sai maganar fasfo ta taso. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo mata takardar 'yar asalin ƙaramar hukuma a wuce wurin. Wani kuma ya ce akwai rajistar da ake yi wa matan aure su zama 'yan ƙasa. Mece ce gaskiyar wannan rajista, kuma wa ya cancanta? Sannan ƙanwata tana auren wani Badamagare a nan Daura, shi ma za a iya yi masa? Akwai kuma abokin kasuwancina da aka haifa a Damagaram, kakansa na wajen uwa mutumin Zango ne, ya ce in tambayar masa."

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya karɓi niyya. Mutum uku ka kawo mini, maiɗakinka da mijin ƙanwarka da abokinka, kuma ko da yake dukansu daga ƙasa ɗaya suka fito, harshe ɗaya suke yi da mu, a wurin doka kowa da matsayinsa. Rajistar da aka gaya maka gaskiya ce, tana nan a sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Sai dai mutum iri biyu kacal aka buɗe wa ita. Maiɗakinka tana cikinsu, abokinka mai yiwuwa ne, mijin ƙanwarka kuwa ba ya ciki. Amma kafin mu kai can akwai tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya shigo ofishina da wannan magana daga Daura ko Jibiya ko Baure: ka tabbata wannan da kake son a yi wa rajista ba ɗan Najeriya ba ne tun asali?

Ina yin wannan tambaya ne saboda yadda iyakarmu take. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906, suka ratsa ta tsakiyar dangi. Har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Haɓe ce da suka bar Birnin Katsina bayan jihadi. Aure tsakanin Zango da Magarya, ko tsakanin Mai'adua da Matamai, bai taɓa tsayawa ba don an kafa shinge a Kwangwalam. Saboda haka da wuya ka bi salsalar gida a wannan yanki zuwa kakanni ba ka tarar da wani daga tsallaken ba.

Wanda ba ya bukatar rajista

Kundin ya tanadi hanya uku ta zama ɗan ƙasa: haihuwa a sashe na 25, rajista a sashe na 26, da kuma takardar zama ɗan ƙasa ta dogon zama a sashe na 27. Ta haihuwa ita ce mafi ƙarfi, domin ba roƙonta ake yi ba kuma gwamnati ba ta da ikon ƙwace ta. Wanda aka haifa a cikin Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960 ɗan ƙasa ne idan uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa huɗu ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje kuwa, ya isa a ce uwa ko uba, ko da ɗaya ne, ɗan Najeriya ne.

Ka ga ke nan 'ya'yanka biyar babu wata magana a kansu. Haka 'ya'yan ƙanwarka, kuma a nan ne mutane suke yawan ruɗewa. Za ka ji ana cewa ai ɗa na uba ne, tunda ubansu Badamagare ne su ma 'yan Nijar ne. Nasaba ta uba ce, babu mai jayayya da wannan, amma zama ɗan ƙasa hukuncin kundin tsarin mulki ne, kuma kundin ya daidaita uwa da uba a wannan wuri. Manyanmu suna tuna shari'ar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno, wanda gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi a 1980 bisa da'awar cewa mahaifinsa mutumin can ne. Kotu ta ce korar haramtacciya ce, mutumin ɗan Najeriya ne, kuma asalin mahaifiyarsa na daga cikin abin da ya tsayar masa da hujja.

To ka zauna da maiɗakinka ka tambaye ta a natse: ina aka haifi mahaifiyarta, ina aka haifi mahaifinta? An taɓa kawo mini wata baiwar Allah da irin wannan matsala, mijinta har ya fara tara kuɗin rajista. Muna cikin hira na ce, "Hajiya, mahaifiyarki 'yar ina ce?" Ta ce, "Ai Inna daga wani ƙauye na ƙasar Baure aka kai ta aure, ƙannenta ma suna nan da rai." Na ce wa mijin ya mayar da kuɗinsa aljihu. Matar 'yar Najeriya ce tun ranar da aka haife ta, shaida kawai ta rasa. Aka ɗauko kawunta, dattijo mai furfura, ya zo da tsohon katin zaɓensa a cikin leda, ya yi rantsuwa a rubuce a babbar kotu cewa mahaifiyarta yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mai unguwa ya rubuta, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, ƙaramar hukuma ta ba ta takardar asali ta garin mahaifiyarta, wadda gaskiya ce ba ta saye ba. Idan taka maiɗakin haka take, maganar rajista ba ta ma taso ba.

Akasin wannan ma yana faruwa, kuma ya fi ciwo. Haihuwa a ƙasar Najeriya ita kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, ba kamar Amurka ba. Yaron da aka haifa a asibitin Daura, ya yi firamare da sakandare a nan, amma iyayensa da kakanninsa duka 'yan Nijar ne, ba ɗan Najeriya ba ne a doka, kuma sashe na 26 bai ambace shi ba. Sai dai ya bi hanya ta uku.

Matar ɗan ƙasa

Mu ɗauka an bincika an tarar iyayen maiɗakinka duka biyun 'yan Nijar ne. A nan sashe na 26 ya shigo. Mutum na farko da ya ambata shi ne duk macen da take auren ɗan Najeriya ko ta taɓa aurensa. Ka lura da wannan "ta taɓa". Wadda mijinta ya rasu tana ciki, wadda aka saka ma tana ciki. Kundin bai ƙayyade shekarun da aure zai yi ba, bai ce sai an haihu ba, bai ce sai uwargida ba. Bai kuma ce sai auren da aka ɗaura a ofishin rajistar aure ba. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a zaure, da waliyyi da shaidu da sadaki, aure ne ingantacce a dokar Najeriya. Matsalar da ake samu ta shaida ce: yawancinmu an raba goro da alawa an watse, babu ko ƙyallen takarda. Wannan yana gyaruwa, zan zo kansa.

Sharuɗɗa uku aka gindaya, kuma shugaban ƙasa ne aka ce ya gamsu da su. Ta kasance mai halin kirki. Ta nuna a fili cewa a Najeriya take nufin zama na dindindin. Sannan ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa wadda take a jadawali na bakwai na kundin. Matar da ta shekara 14 a ɗakin mijinta a Daura, 'ya'yanta suna makaranta a nan, ba ta da wahalar nuna niyyar zama. Halin kirki kuma a aikace yana nufin ba ta da tarihin laifi, kuma akwai mutanen mutunci da za su tsaya mata.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, aure ba ya mayar da mace 'yar ƙasa da kansa, ko da ta shekara hamsin a gidan. Cancantar nema yake ba ta. Kundin cewa ya yi ana iya yi mata rajista, bai ce wajibi ne ba. Na sha ganin dattijuwa mai jikoki rututu a Katsina, kowa yana ɗaukarta 'yar gari, sai ranar da ɗanta ya tashi kai ta asibiti a Masar ko Indiya aka gane ba ta da fasfon kowace ƙasa.

Akwai labari mai daɗi game da ƙasarta ta haihuwa. Sashe na 28 ya ce wanda aka yi wa rajista sai ya ajiye zama ɗan wata ƙasa, amma fa idan waccan ƙasar ba ta haihuwa ya same ta ba. Maiɗakinka da haihuwa ta zama 'yar Nijar, don haka Najeriya ba za ta ce ta yar da ita ba. Ita ma Nijar ta gyara dokarta a 2014 ta amince mutum ya riƙe ƙasa biyu. Abin da zai jawo mata asara shi ne bayan rajista ta je ta karɓi zama 'yar wata ƙasa ta uku. Nan take ta Najeriya ta faɗi.

Takardar saye

Shi kuma wancan da ya ce ka ba shi kuɗi, ka ce masa ka gode. Na san abin da ya sa shawararsa take da daɗin ji: mako ɗaya an gama, rajista kuwa sai an yi haƙuri. Na kuma san mutane da yawa sun bi ta nan sun yi hajjinsu sun dawo lafiya. Amma ka dubi abin da za a rubuta. Za a ƙirƙiro mata uba ɗan wata unguwa a Daura, a canja mata wurin haihuwa, a ɗauki hoton yatsunta a kan wannan bayani a hukumar katin ɗan ƙasa da ta shige da fice. Dokar shige da fice ta 2015 ta mayar da ba da bayanin ƙarya don samun fasfo laifi mai ɗauri ko tara, kuma wanda ya tsaya wa mai ƙaryar shi ma bai tsira ba, wato kai ke nan. Ko ba a kama ba, ka toshe mata hanyar gaskiya da hannunka. Ranar da ta zo neman rajista ta halal, kwamfuta za ta nuna ta riga ta ce ita haifaffiyar Daura ce, ga kuma takardar Magarya a hannunta. Wanda aka ce ya tabbatar da halin kirkinta, da me zai fara cin karo? Kamar gini ne a filin da ba naka ba, iya tsawon da ka yi da shi iya asarar da za ka tafka ranar da mai fili ya zo.

Kuma irin wannan asiri ba jami'i ne ya fi tona shi ba. Rikicin gado ne, ko kishi, ko siyasa ranar da ɗaya daga cikin yaran ya fito takarar kansila abokin hamayya ya shiga tono.

Kada kuma lambar NIN ta ruɗe ka. Hukumar NIMC tana yi wa 'yan ƙasa rajista, tana kuma yi wa baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, don haka riƙe lambar ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Katin zaɓe kuwa na 'yan ƙasa ne kaɗai. Idan an taɓa yi mata shi a lokacin da 'yan siyasa suke kwasar mata a mota zuwa wurin rajista, ka gaya wa lauyanka tun farko, kada ya ji a bakin jami'an tsaro.

Yadda ake nema

Ba a ƙaramar hukuma ake yi ba, ba a fadar sarki ba, ba kuma a ofishin fasfo ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya ce take karɓar buƙatar, ta sashenta mai kula da zama ɗan ƙasa, kuma yanzu ta intanet ake cikewa. Daga nan hukumar tsaro ta farin kaya takan yi bincike a jihar da mai nema yake zaune, a kira miji da mata a yi musu tambayoyi. Sai kwamitin ba da shawara kan zama ɗan ƙasa ya tace, a kai Majalisar Zartarwa ta Tarayya, shugaban ƙasa ya amince, a yi rantsuwa a miƙa takarda. Da wannan takarda ce za ta je ta nemi fasfo kamar kowa.

Ba kullum ake bayarwa ba, tarawa ake yi a yi biki guda. A watan Satumba na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garinku, ya miƙa wa mutum 286 takardun zama 'yan ƙasa a Abuja, 78 daga cikinsu ta hanyar rajista. Ka auna wannan adadi da yawan matan Nijar da ke aure daga Illela zuwa Maigatari, za ka gane cewa mutanenmu kusan ba sa bin wannan hanya sam. Rashin sani ne, da nisan Abuja, da kuma ganin cewa ba a taɓa tambayar kowa takarda a kasuwa ba.

Abin da za ka fara tarawa tun yanzu: shaidar aurenku, shaidar cewa kai ɗan Najeriya ne, takardun haihuwar yara daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, wasiƙarka ta goyon baya a matsayin miji, mutanen da za su tsaya mata, da takardunta na Nijar. Game da aure, ku je kotun shari'ar Musulunci da waliyyi ko wakilinsa da shaidun da suka rage a raye, a tabbatar da auren a rubuce. Kada a jinkirta wannan, shaidun ɗaurin aure tsofaffi ne yawanci.

Takardun Nijar su suka fi ba mutane wahala. Amarya da aka kawo a motar 'yan kai amarya ba wanda ya buga mata hatimin shigowa, kuma sau da yawa ba ta da takardar haihuwa. Sai ta koma can a yi mata ta kotu wadda take maye gurbin takardar haihuwa, ta yi katin shaida da fasfon Nijar. Nijar tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano. Takardun da Faransanci suke zuwa, sai an fassara su fassarar da hukuma za ta karɓa. Ka kuma sa ido a kan rubutun suna: can za a rubuta Zeinabou Mahamadou, nan a takardar haihuwar yara an rubuta Zainab Muhammad, shekarar haihuwa ma ta bambanta da biyu ko uku. Wannan ɗan saɓani yana iya kwantar da fayil wata da watanni. A daidaita shi da takardar rantsuwa kafin a tura komai.

Sai izinin zama. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza ya zauna kwana 90, wanda zai zarce haka sai ya karɓi katin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kodayake ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna zirga-zirga har sai an sanar da wani sabon tsari. Wannan rangwame ne na wucin gadi, kuma mu da muka ga rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 mun san yadda abu yake juyawa dare ɗaya. Ku je ofishin shige da fice na Katsina a daidaita zamanta. Kuɗin nema kuwa yana canjawa, a shafin ma'aikatar za ka ga na yanzu, kuma asusun gwamnati ake biya a karɓi rasit. Duk wanda ya ce ka tura masa ta asusunsa yana da mutum a Abuja, ka riƙe kuɗinka.

Game da Makka, gaskiya ita ce rajista ba za ta kammala kafin jirgin bana ya tashi ba. Abu ne da yakan ɗauki shekara da shekaru. Kujerar hukumar alhazai ta jiha da fasfon Najeriya ake bayar da ita. Idan ana son ta sauke farali da wuri, ta yi fasfonta na Nijar ta bi ta hukumar alhazan can, rajista kuma tana tafiya a gefe.

Bayan an ba ta, 'yar ƙasa ce: za ta yi zaɓe, za ta riƙe fasfo, ba mai korarta. Bambancin da ya rage kaɗan ne. Sashe na 307 ya hana wanda aka yi wa rajista riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi a ƙarƙashin kundin sai bayan shekara goma, kujerar shugaban ƙasa da ta gwamna kuwa na ɗan ƙasa ta haihuwa ne kaɗai. Sashe na 30 kuma ya ba da damar ƙwace ta idan an tabbatar da rashin biyayya ga ƙasa ko taimakon abokan gaba lokacin yaƙi.

Abokinka mai kaka a Zango

Mutum na biyu da sashe na 26 ya ambata shi ne baligi mai hankali da aka haifa a wajen Najeriya, wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Kakan wajen uwa da na wajen uba duk ɗaya ne, namiji ko mace. Ko kakan ya rasu kafin 1960 ba a rasa hanya ba, domin sashe na 31 ya ce ana ɗaukarsa ɗan ƙasa idan da zai zama haka ta haihuwa da ya kai ranar samun 'yanci da rai.

Sai dai a nan akwai wurin da lauya yake tsayawa ya yi tunani. Idan kakan ɗan Najeriya ne, ai 'yarsa, wato mahaifiyar abokinka, ita ma 'yar Najeriya ce ta haihuwa ko a ina aka haife ta. Idan kuwa haka ne, shi ma abokin naka ɗan 'yar ƙasa ne, ya shiga sashe na 25 kai tsaye, ba ya bukatar rajista. To wa aka yi wa wannan tanadi? A fahimtata an yi shi ne don wanda igiyar ta tsinke a tsakiya. Kundin 1963 ta wajen uba yake bi ga wanda aka haifa a waje, na 1979 kuma bai yarda da riƙe ƙasa biyu ba, saboda haka akwai iyayen da suka rasa matsayinsu a wancan zamani, akwai kuma waɗanda suka ajiye da kansu. Jikan irin waɗannan shi ne rajista take ceto. Don haka amsar abokinka tana rataye da shekarar da aka haifi mahaifiyarsa, inda aka haife ta, da takardun da ta riƙe a rayuwarta. Idan a Zango aka haife ta aka kai ta aure Damagaram, hujjarsa ta haihuwa tana da ƙarfi ƙwarai. Idan can aka haife ta ta rayu ta rasu da takardun Nijar kaɗai, na fi ba shi shawarar rajista, domin jami'in fasfo ba zai zauna yana warware masa tarihin kundi uku ba. Ko ta wace hanya, aikin farko ɗaya ne: ya je Zango ya nemo gidan kakan, a samu dangin da za su shaida, da takarda daga masu sarautar garin. Cewa kawai "kakana mutumin Zango ne" ba ta isa ba, rabin Damagaram za su iya faɗin haka.

Mijin ƙanwarka

Shi kam sashe na 26 bai san da shi ba. Mace aka ce, ba a ce miji ba. An kai ƙudurin gyara wannan gaban Majalisar Tarayya, ta yi watsi da shi a watan Maris na 2022 tare da wasu ƙudurorin da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Ni dai a ganina wannan tanadi bai yi adalci ba. Mutum ya zauna a Daura, yana biyan haraji, 'ya'yansa 'yan ƙasa ne, amma an bar shi a layi ɗaya da baƙon da ba shi da kowa a nan. Nijar da muke gani kamar tana bayanmu ta ba matanta damar ba mazajensu baƙi zama ɗan ƙasa tun gyaran 2014.

Hanya biyu ta rage masa. Ta farko sashe na 27: ya shekara 15 yana zaune a Najeriya a jere, ko kuma ya yi wata 12 a jere dab da nema, sannan a cikin shekara 20 da suka gabaci wannan ya tara aƙalla 15. Ga halin kirki da niyyar zama da rantsuwa kamar na rajista, ƙari a kan haka sai gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su, sannan a ga yana da amfanin da yake yi wa ƙasa ko zai iya yi. Sajewa ba matsala ba ce ga Badamagare a Daura. Inda ake faɗuwa shi ne shaidar shekara 15, domin zaman da aka yi ba takarda yana da wuyar lissafi. Ya fara adana katin zama, rasit na haraji, takardar haya ko ta shago, da takardun haihuwar yaransa. Ta biyu kuma sashe na 32 ya ba shugaban ƙasa ikon ba mijin 'yar ƙasa ko matar ɗan ƙasa matsayi na musamman mai cikakken izinin zama. Wannan ba ya ba da fasfo ko ƙuri'a, amma yana raba mutum da fargabar kora, kuma ita ma ma'aikatar cikin gida ce take bayarwa. Kafin duk wannan, shi ma a yi masa waccan tambaya ta farko, a ji ko mahaifiyarsa ko mahaifinsa daga wannan ɓangaren suke.

Duk abin da na faɗa a kan bayanin da ka rubuto na gina shi, ban ga takarda ko ɗaya ba, kuma hukuncin ƙarshe a hannun shugaban ƙasa yake, ba lauyan da zai yi maka alkawarin rana. Idan ka tashi zuwa wurin lauya a Daura ko Katsina, ka tafi da maiɗakin taka da kanta, da duk wata takarda da ta taɓa yi a ƙasashen biyu har da wadda kake jin kunyar nunawa, da sunayen garuruwan da aka haifi iyayenta da kakanninta huɗu.